Rikicin jirgin Trent: yadda kama manzanni a teku ya kusa haɗa Amurka da Ingila yaƙi

A yau za mu koma shekara ta 1861, mu leƙa wani rikici da ya tashi a tsakiyar teku, wanda saura ƙiris ya haɗa ƙasar Amurka da ta Ingila yaƙi. Mutum huɗu kawai aka sauke daga cikin wani jirgin ruwa, ba a kashe kowa ba, ba a taɓa kayan kowa ba. Amma cikin sati bakwai kasuwa ta rikice a Landan da New York, an tsaida kaya a tashoshin ruwa, an yi jigilar dubban sojoji, bankuna kuma suka rufe taskarsu ta zinariya. Ana kiran wannan al'amari rikicin Trent, wato sunan jirgin da aka tare.

Mafarin zance: yaƙi da auduga

A watan Afrilu na 1861 yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka. Jihohi 11 na Kudu suka ce sun ɓalle, suka kafa tasu gwamnati a ƙarƙashin Jefferson Davis, saboda suna tsoron cewa zaɓen Abraham Lincoln zai taɓa bautar da suke yi wa baƙar fata. A lokacin bayi kusan miliyon 4 ne a ƙasar, kuma guminsu ne ke noma audugar da Kudu ke tinƙaho da ita.

Arewa ta fi yawan jama'a, ta fi masana'antu da jiragen ruwa. Shi ya sa tun ranar 19 ga Afrilu Lincoln ya ba da umurnin a toshe tashoshin ruwan Kudu, kada auduga ta fita, kada makamai su shiga. Kudu kuwa ta ɗora begenta a kan Turai. Fiye da kashi 3 cikin 4 na audugar da masaƙun Ingila ke saƙawa daga gonakin Kudu take zuwa, don haka magabatan Kudu suka yi lissafin cewa da zarar auduga ta yanke, masaƙun yankin Lancashire za su tsaya, ma'aikata su shiga yunwa, dole Ingila ta shigo ta buɗe musu hanya. Har da gangan suka riƙe audugarsu a wannan shekara, irin yadda mai hatsi ke rufe rumbu yana jiran tsada.

To amma a ranar 13 ga Mayu Sarauniya Biktoriya ta shelanta cewa Ingila ƴar ba-ruwanmu ce a wannan faɗa, Faransa ma ta bi sahu. Abin da Kudu ke nema shi ne a amince da ita a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta. Domin neman haka ne Davis ya zaɓi dattawa biyu, dukansu tsofaffin ƴan majalisar dattawan Amurka: James Mason na jihar Virginia zai je Landan, John Slidell na jihar Louisiana zai je Paris. Mutanen Arewa sun tsani waɗannan biyun ƙwarai, musamman Mason, domin shi ne ya tsara dokar 1850 wadda ta tilasta a maido da duk bawan da ya gudu ga ubangidansa.

Yadda aka tare jirgin

Cikin daren 12 ga Oktoba manzannin biyu, da sakatarorinsu da iyalan Slidell, suka sulale daga tashar Charleston cikin wani ƙaramin jirgi mai gudu, suka ratsa ƙawanyar jiragen Arewa ba a gan su ba, suka isa tsibirin Kuba, wanda a lokacin yake hannun Sipaniya. A birnin Habana suka sayi tikitin jirgin Ingila mai suna Trent, wanda ke ɗaukar wasiƙu da fasinjoji zuwa tsibirin Saint Thomas na ƙasar Danmak, inda ake sauya jirgi zuwa Ingila. Ba su ɓoye tafiyarsu ba, kowa a Habana ya san ranar da za su tashi.

Cikin waɗanda labarin ya kai wa har da kyaftin Charles Wilkes, kwamandan jirgin yaƙin Arewa mai suna San Jacinto, wanda ke dawowa daga gaɓar tekun Afirka. Wilkes sananne ne, shi ya jagoranci tawagar binciken teku ta Amurka daga 1838 zuwa 1842, amma kuma an san shi da taurin kai da yin gaban kansa. Babu wanda ya ba shi umurni daga Washinton. Ya duba littattafan dokar teku da ke cikin jirginsa, ya ga an halatta a ƙwace wasiƙun abokan gaba daga jirgin ƴan ba-ruwanmu, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa ai manzo wasiƙa ce mai tafiya da ƙafa.

Ranar 8 ga Nuwamba, 1861, da tsakar rana, a wani matsattsen mashigin ruwa da ke arewa da Kuba, San Jacinto ya harba igwa sau biyu a gaban Trent. Jirgin ya tsaya. Mataimakin Wilkes, laftana Donald Fairfax, ya hau da sojoji, ya nemi takardar sunayen fasinjoji, kyaftin James Moir ya hana shi. Mason da Slidell suka fito da kansu, suka ce ba za su sauka ba sai da ƙarfi, aka kuwa kama su aka sauke, tare da sakatarorinsu biyu. Jakar takardunsu, wadda ita ce ainihin abin da doka ta yi magana a kai, tuni an damƙa ta ga jami'in wasiƙun Ingila ya kulle, kuma ta isa Landan lafiya lau. Daga nan Wilkes ya sallami Trent ya ci gaba da tafiyarsa, shi kuma ya wuce da fursunoninsa, aka tsare su a sansanin Fort Warren da ke bakin ruwan Boston.

Ina laifin yake?

Domin mu gane zancen, mu ɗauki misalin motar haya da ta taso daga wani gari za ta wani, garuruwan biyu babu ruwansu da rigimarka. Kai kuma ka tare ta a daji da bindiga, ka sauke fasinja biyu don kana da husuma da su. Ko da kana da gaskiya a kan mutanen, mai motar zai ce ka ci mutuncinsa, kuma gobe wa zai yarda ya ba shi kaya ko ya shiga motarsa?

Dokar teku ta wancan zamani ta yarda mai yaƙi ya tsaida jirgin ƴan ba-ruwanmu ya bincika. Idan ya sami kayan yaƙi za a kai wa abokin gabansa, to sai ya ja jirgin gaba ɗaya zuwa tashar ruwa, ya gabatar da shi gaban kotun da ke shari'ar ganimar teku, alƙali ya yanke hukunci. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne kyaftin ya zama ɗan sanda, ya zama alƙali, duka a tsakiyar ruwa. Wilkes bai kai Trent kotu ba. Bayan haka kuma jirgin daga tashar ƴan ba-ruwanmu ya taso, tashar ƴan ba-ruwanmu kuma za shi.

Abin mamaki a nan shi ne reshe ne ya juye da mujiya. Shekaru 50 kafin haka Ingila ce ke tare jiragen Amurka tana kwashe matuƙa da ƙarfi tana sa su aikin sojan ruwanta, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ƙasashen biyu suka gwabza yaƙi a 1812. Tun daga lokacin Amurka ke da'awar cewa tutar ɗan ba-ruwanmu tana kare wanda ke ƙarƙashinta. Ga shi yau ita ce ta aikata abin da ta daɗe tana kuka da shi.

Murna a Boston, fushi a Landan

Da labari ya isa Amurka a tsakiyar Nuwamba, Arewa ta ɓarke da murna. Dama tun kashin da sojojinta suka sha a Bull Run a watan Yuli jama'a ke ƙishin jin labari mai daɗi. Aka shirya wa Wilkes liyafa a Boston, ministan sojan ruwa Gideon Welles ya rubuta masa takardar yabo, majalisar wakilai kuma ta zartar da ƙudurin gode masa a ranar 2 ga Disamba.

Ingila kuwa sai ranar 27 ga Nuwamba ta ji. Nan take ƴan kasuwar Liverpool suka yi taron nuna ɓacin rai, jaridu suka hura wuta, aka ce an wulaƙanta tutar ƙasa. Gwamnatin faraminista Palmerston ta ɗauka cewa da gangan aka yi, domin an daɗe ana zargin ministan harkokin wajen Amurka, William Seward, da neman tsokanar Ingila. Aka soma shirin yaƙi gadan-gadan. Aka tura sojoji wajen 11,000 zuwa Kanada, wadda take ƙarƙashin Ingila kuma take iyaka da jihohin Arewa, ga shi lokacin sanyi ne, kogin Saint Lawrence ya soma daskarewa, har wasunsu sai da suka ratsa ƙanƙara ta ƙasa. Aka kuma umurci jiragen yaƙi su zauna cikin shiri.

Mutanen Kudu kuwa daɗi ya kashe su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da manzanninsu ba su da tabbacin samu da baki a Landan, ga shi zamansu a kurkuku yana neman samo musu shi.

Kasuwa ce ta fara jin zafi

Tun ba a harba harsashi ko ɗaya ba, ƴan kasuwa suka fara ɗanɗana kuɗarsu. Darajar takardun bashin gwamnati ta sauka a Landan, hannayen jari suka faɗi a New York, masu jiragen ruwa suka shiga zulumin ko su tashi ko su jira.

Babban bugun da Arewa ta sha shi ne na albarushi. Akwai wani sinadari mai kama da gishiri wanda sai da shi ake haɗa albarushi, kuma mafi yawansa daga Indiya yake fitowa, Indiya kuwa tana hannun Ingila. Kamfanin Du Pont ya riga ya sayo wa gwamnatin Lincoln wajen tan 2,000 a asirce, ana cikin lodi, sai Ingila ta haramta fitar da shi a ƙarshen Nuwamba, bayan ƴan kwanaki kuma ta haramta fitar da makamai da harsasai. Kaya an biya, amma ga su can jibge a tasha. Duk wanda kayansa suka taɓa maƙalewa a bakin iyaka saboda rigimar da ba shi ya haɗa ta ba ya san irin wannan ciwon.

Sai kuma maganar kuɗi. Jita-jitar yaƙi da Ingila ta ƙaru a kan damuwar da ake da ita game da bashin da gwamnati ke ci, mutane suka yi ta rububin zuwa banki suna canza takardun kuɗi da zinariya suna ɓoyewa. Ranar 30 ga Disamba bankunan New York suka daina biyan zinariya. A watan Fabrairu na 1862 aka zartar da dokar da ta ba gwamnati damar buga takardun kuɗin da ba a canza su da zinariya.

Ita ma Ingila ba wai ba ta da abin asara ba ne. Damina ba ta yi mata kyau ba a waɗannan shekaru, tana sayen alkama mai yawa daga jihohin Arewa. Attajiranta sun zuba jari a hanyoyin jirgin ƙasa na Amurka. Kanada tana da doguwar iyaka mai wuyar tsarewa, jiragen kasuwancinta kuma da ke warwatse a tekunan duniya za su zama abin farauta. Kowane ɓangare idan ya zauna ya buga lissafi, sai ya ga asarar ta fi ribar nesa ba kusa ba.

Ƙofar da Yarima Albert ya bari a buɗe

Ministan harkokin wajen Ingila, Lord Russell, ya tsara takarda mai zafi zuwa Washinton, aka aika wa Sarauniya ta gani a ranar 30 ga Nuwamba. Mijinta, Yarima Albert, yana fama da ciwon da zai zama ajalinsa, amma ya tashi da asuba ya ɗauki alƙalami da ƙyar ya yi gyara. Bai rage komai daga buƙatun Ingila ba: a saki mutanen, a kuma nemi afuwa. Abin da ya ƙara shi ne cewa Ingila na fatan kyaftin ɗin ba da umurnin gwamnatinsa ya yi wannan aiki ba, ko kuwa bai fahimci umurnin ba ne. Majalisar ministoci ta karɓi gyaran. Albert ya rasu ranar 14 ga Disamba yana da shekara 42, bai ga ƙarshen al'amarin ba.

Wannan ƴar magana ita ce ta ba Amurka hanyar fita ba tare da ta zubar da girmanta ba. Dillalin ƙwarai ya san wannan dabara: idan kana son ciniki ya faɗa, ba ka ƙure mutum a gaban jama'a, kana bar masa abin da zai faɗa wa mutanensa idan ya koma gida.

Abu na biyu da ya taimaka shi ne nisa. An shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin tekun Atlantika a 1858, amma ta mutu bayan ƴan makonni, ba a sami mai aiki sosai ba sai 1866. Saboda haka kowane saƙo sai ya yi kwana goma ko fiye a cikin jirgi. Kafin zagin da jaridun wannan gefe suka yi ya kai wancan gefe, zuciya ta soma sanyi. Takardar Ingila ba ta isa Washinton ba sai 18 ga Disamba, fiye da wata ɗaya bayan an soma murnar, lokacin da mutane da dama a Arewa suka riga suka soma tambayar kansu ko wannan kamun zai haifi ɗa mai ido.

Na uku shi ne halin jakadan Ingila a Washinton, Lord Lyons. An umurce shi ya ba da wa'adin kwana 7, idan babu amsa mai gamsarwa ya rufe ofishinsa ya dawo gida. Sai ya fara zuwa wurin Seward ya gaya masa abin da ke ciki a tsakaninsu, bai miƙa takardar a hukumance ba sai ranar 23 ga wata, domin gwamnatin Lincoln ta sami sararin shawara. Shi ma Seward tun ƙarshen Nuwamba ya rubuta wa jakadan Amurka a Landan, Charles Francis Adams, cewa Wilkes gaban kansa ya yi.

Taura biyu ba ta taunuwa

Ranar Kirsimeti, 25 ga Disamba, da kashegari, Lincoln ya zauna da ministocinsa. Sanata Charles Sumner ya zo ya karanta wasiƙun John Bright da Richard Cobden, ƴan majalisar Ingila masu ƙaunar Arewa, waɗanda suka nuna cewa Ingila da gaske take yi. Ana cikin zaman sai ga saƙon gwamnatin Faransa, ita ma ta ce Wilkes ya taka doka. Wato Amurka ba ta da mai goya mata baya a Turai. Idan aka yi yaƙi, jiragen Ingila za su fasa ƙawanyar da aka yi wa Kudu, su toshe tashoshin Arewa, ga albarushi babu. Wasu ministocin ransu bai so ba, amma a ƙarshe duka suka yarda a saki mutanen.

Seward ya rubuta doguwar amsa mai cike da wayo. Ya ce Wilkes ba da umurni ya yi ba, kuma kuskurensa shi ne rashin kai jirgin kotu. Sannan ya juya zancen, ya ce da Ingila ta nemi a saki mutanen, ai ta rungumi aƙidar da Amurka ta daɗe tana karewa ce, don haka da farin ciki za a sake su. Bai nemi afuwa ƙarara ba, Ingila kuma ba ta matsa sai an nema ba. Kowa ya sami abin faɗa wa jama'arsa.

Ranar 1 ga Janairu, 1862, aka fitar da fursunonin huɗu ba tare da hayaniya ba, aka miƙa su ga jirgin yaƙin Ingila mai suna Rinaldo. Labari ya isa Landan ranar 8 ga wata, kasuwa ta farfaɗo, aka ɗage haramcin fitar da kayan albarushi.

Abin da ya biyo baya

Mason da Slidell sun isa Ingila a ƙarshen Janairu, amma sun fi amfani ga Kudu suna tsare fiye da suna sake. Russell ya ga Mason ne kawai ba a hukumance ba, har ya gaji ya bar aikin Landan a 1863. Slidell ya sami ganin Sarki Napoleon na 3, ya kuma samo wa Kudu bashin fam miliyon 3 ta hannun bankin Erlanger, da auduga a matsayin jingina, amma babu ƙasa ko ɗaya da ta amince da Kudu har aka ci ta da yaƙi a 1865, aka kuma haramta bauta.

Lissafin auduga ma ya watse. Ingila tana da ajiya mai yawa daga amfanin 1860, kuma ko da yunwar auduga ta kama Lancashire a 1862, dubban ɗaruruwan ma'aikata suka shiga wahala, masu masaƙu sai suka juya ga Indiya da Masar. Mai riƙe kaya don ya matsa wa mai saye, wani lokaci koya masa hanyar wata kasuwa yake yi.

Sauran ƙorafin da ke tsakanin Amurka da Ingila, game da jiragen yaƙin da aka ƙera wa Kudu a Ingila irin su Alabama, shi ma a teburi aka kashe shi: a 1872 masu sulhu a birnin Janeba suka yanke cewa Ingila ta biya dala miliyon 15 da rabi, ta kuwa biya.

Amma matsalar tare jiragen ƴan ba-ruwanmu ba ta mutu ba. A watan Janairu na 1940 wani jirgin yaƙin Ingila ya tare jirgin fasinjan Japan mai suna Asama Maru kusa da gaɓar Japan, ya sauke Jamusawa 21. Japan ta yi fushi, aka yi ta ja-in-ja har Ingila ta maido 9 daga cikinsu. Kwanan baya ma, daga Nuwamba na 2023, hare-haren ƴan Huthi na Yaman a kan jiragen kasuwanci a Bahar Maliya sun sa manyan kamfanoni zagayawa ta kudancin Afirka, tafiya ta ƙaru, kuɗin dako ya hau. Mu da ƙasarmu ba ta da teku, shinkafa da atamfa da kayan gyaran mota da ke cikin rumfunanmu a jiragen wasu suke zuwa, a ƙarƙashin tutar wasu. Ran da aka daina girmama wannan tuta, a kan farashin tiya da na turmi za mu fara gani.

Wilkes dai kyaftin ɗaya ne da ya yi gaban kansa a rana ɗaya, amma sai da aka haɗa sarauniya da mijinta, da shugaban ƙasa, da ministoci da jakadu, aka yi sati bakwai kafin a kashe wutar da ya kunna. Waɗanda suka kashe ta kuwa ba su fi kowa son juna ba. Sun dai zauna sun ƙirga abin da za su rasa, sun jinkirta amsa har fushi ya sauka, kuma mai gaskiya a cikinsu ya karɓi haƙƙinsa ba tare da ya ce sai ya ga abokin husumarsa a durƙushe ba. Allah ya ba magabata irin wannan hangen, ya ba mu kasuwa mai albarka da zaman lafiya.